Tukunyar da Aka Tono a Gidan Yasawathi

Idan ka kai wa Yasawathi kyautar ayaba, sai ta juya nonon ayabar ta duba ƙasansa kafin ta ce ta gode. Duk garinmu Kudamodara an san haka, kuma an daina jin haushi, don an gaji. Gashin da ya maƙale a matajinta ba ya kwana, ƙona shi take yi. Idan mai kifi ya yi mata ragi ba ta roƙa ba, ranar ba za a ci kifi a gidanta ba. Mace ce gajera mai ƙarfin damtse, shekarunta sittin da huɗu, tana da wani kallo ta gefen ido wanda ko malamin haikali ya sha shi sai ya gyara mayafinsa. Ni dai ban ga laifinta ba, duk da ta taɓa zargina da ɗauke mata guga, gugan da aka samu daga baya a cikin rijiyarta.

Ba da wannan halin aka haife ta ba, koya mata aka yi. Mahaifinta mai hawan kwakwa ne, bai san baƙi ba bai san fari ba. Tana 'yar shekara bakwai wani ɗan kasuwa ya zo daga Galle da takarda, ya ce ta rabon kwanon rufi ce, uban ya dangwala yatsa yana ta godiya. Shekara ba ta zagayo ba suka koma bukka a bakin ramukan da ake jiƙa ɓawon kwakwa. A nan ta girma, cikin wari, tana dukan ɓawo da kulki tana murza igiya har tafin hannunta ya yi kanta. Da ta yi aure ta haihu, sai ta tafi aikatau Kuwait, shekara takwas tana goge tayil ɗin wasu. Ta aiko aka sayi fili da sunan mijinta Siripala, ta dawo ta tarar ya sayar ya shanye a kwalba, har yana yi mata kuka wai sharrin abokai ne. Ba ta yi kuka ba. Ta sake ɗaure jaka ta koma, ta ƙara shekara shida, ta dawo ta sayi wannan filin da take ciki yanzu, da sunanta ita kaɗai, bayan ta sa mutum uku da ba su san juna ba sun karanta mata takardar. Siripala ya mutu a ɗakin baya yana ce mata mai baƙin zuciya.

Filin ba wani babba ba ne. Bishiyoyin kwakwa, mangwaro ɗaya, rijiya, da gida mai bene wanda ta ɗora saboda 'yarta Dilrukshi, sai 'yar ta samu aikin koyarwa a Matara ta zauna can da mijinta. Amma ƙasa ce da ba ta fi tafiyar minti biyar zuwa teku ba, kuma Yasawathi ta san abin da hakan ke nufi a zamanin nan.

Da can matasan Turawa ne ke zuwa mana, su yi wasa da igiyar ruwa, su ƙone fata, su koma. Yanzu masu furfura ne, da sandunansu da jakar magunguna, wai kuɗin fanshon da ba ya isar su ɗumama ɗaki a ƙasarsu, a nan yana isar su cin kifi kullum har da mai wanki. Su kuma waɗannan ba sa komawa. Doka ba ta yarda baƙo ya sayi ƙasa ba, amma lauya ya san hanyar haya ta shekara casa'in da tara, kuma wa zai rayu ya ga ƙarshenta? Ƙanen maƙwabciyarta Sopinona ya sa hannu a irin wannan takardar. Yanzu shi ke share ganye a gidan ubansa, da 'yar hular aiki a ka, yana gaida masu gida da Turanci. Duk lokacin da Yasawathi ta wuce ta gan shi sai ta tofar da yawu.

Saboda haka da Dilrukshi ta kawo zancen a ba wani tsohon Bature hayar benen, sai da aka yi wata biyu ana kai ruwa rana.

"Amme, ɗaki yana ruɓewa a banza," in ji 'yar, don haka muke kiran uwa a harshenmu. "Gwiwarki ta hana ki murza igiya. Haya ce ta wata-wata, ba lauya, ba takarda. Ranar da ya ishe ki, ki ce ya kama gabansa."

"Haka ake farawa, Duwa, 'yata. Da wata-wata ake farawa."

Ta yarda a ƙarshe, don gwiwar ba ta san gardama ba. Sunansa Ottmar, mutumin Ostiriya, tsohon direban bas, shekara saba'in da ɗaya. Mu dai Otma Mahattaya muke ce masa, wato Yallaɓai Otma. Dogo ne ramamme mai manyan kunnuwa, kwana biyu da zuwansa ya yi ja kamar dafaffen ƙaguwa. Ya sauka daga babur mai ƙafa uku da akwati biyu da wata ƙaramar baƙar jaka. Direban ya kai hannu zai ɗauki jakar, tsohon ya fizge ta ya rungume a ƙirji. Yasawathi tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, kuma ba abin da ya wuce ta.

Turancin da ta tsinta a Kuwait da wanda ya tsinta a bakin fasinjoji, idan aka haɗa su ba za su cika kofin shayi ba, amma suna fahimtar juna. Abin da ta fahimta kuwa bai yi mata daɗi ba. Mutumin da ya zo hutawa ya kamata ya tambayi inda ake sayar da giya mai sanyi. Wannan kuwa kullum da safe sai ya zagaya filin yana taku ɗai-ɗai, leɓensa na motsi kamar mai lissafi. Ya tsaya a kusurwar gabas ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya murza.

"Madam Yasa, ruwa yana kwanciya a nan idan an yi damina?"

"Ba ya kwanciya, Mahattaya."

"Filin naki ne ke kaɗai, ko da dangi a ciki?"

"Nawa ne." Sai ta ƙara da harshenmu, tana murmushi, "Ko uwarka na da rabo a ciki ne?"

Bayan kwana biyu ya sake tambaya, wai idan ba ta nan wa zai gada. Bayan mako kuma, wai shin 'yarta irin masu sayarwa ce. Ya kawo mata cakulan, ta gutsura wa kare ta zauna tana kallonsa har azahar, da ta ga bai mutu ba ta ba shi sauran. Da yamma ta tsallaka shinge wurin Sopinona, tsohuwar da bakinta kullum jajir yake da ganyen tauna, wadda ba a taɓa yin mutuwa ko sammu a garin nan ba ta riga kowa ji ba.

"Akka, yayata, ki gaya mini. Tsoho mai ɗa yana barin ƙasarsa ya zo ya mutu a benen mutane?"

"Ya ce miki yana da ɗa?"

"Guda ɗaya, wai a wata ƙasar daban yake."

"To kin ji, Nangi, ƙanwata. Ko dai ya kashe wani ya gudo, ko ɗan ne ya gaji da halinsa. Matarsa fa?"

"Na tambaya, ya kau da kai ya shiga zancen sauro."

"Sauro! Tabɗi. Ki dai riƙa kulle ɗakinki."

Ya yi wata uku a gidan sannan ya nemi izinin dasa itace ɗaya a kusurwar gabas. Ta rasa dalilin hanawa, ta ara masa fartanya. Washegari da sassafe ta tashi ɗora ruwan shayi, ta leƙa ta tagar kicin, sai ga shi can a durƙushe, ya haƙa rami har gwiwar hannu, ramin da ya fi ƙarfin ɗan tsiro. Baƙar jakar tana gefensa a buɗe. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗaga kai ya dubi gidan. Sannan ya ciro wani abu da hannu biyu ya saka a ramin, ya daɗe kansa a sunkuye yana magana ƙasa-ƙasa, ya mayar da ƙasa, ya dasa tsiron a kai. Kuma ba mangwaro ba, ba lemo ba, araliya ya dasa, itacen farin fure da muka saba gani a haikali da maƙabarta. Ruwan shayin ya tafasa ya ƙone, Yasawathi ba ta sani ba.

A wurinmu ba sai an yi wa yaro bayani ba. Wanda ya binne abu a filin wani a ɓoye, yana waige-waige, yana karanta wani abu a kai, ba alheri ya binne ba. Haka ake raba mutum da gidansa. Ko a sa masa ciwo, ko a sa gidan ya fita masa a rai, ko a tausasa zuciyarsa har ya miƙa da hannunsa.

"Amma Bature ya iya wannan, Akka?" in ji Yasawathi, da ta kai wa Sopinona labarin.

"Shi bai iya ba, kuɗinsa ya iya. Akwai bokaye a bayan Matara da za su haɗa wa ko biri in ya zo da abin hannu. Kin ga yana zama a wurin?"

"Kullum da yamma. Ya kai kujera, ya zauna yana ta surutu shi kaɗai."

"Ciyar da abin yake yi. Wayyo Nangi, an gama da ke."

Daga nan komai ya fara magana. Gwiwar da ke ciwo ɗaya ta zama biyu. Kazarta mai kwanci ta mutu a kan ƙwai. Ɗanyar kwakwa ta faɗo taku ɗaya daga kanta. Duk wannan bai tsorata ta ba kamar abin da ta gano a jikinta. Tsohon ya gyara mata famfon rijiya da ya shekara yana tari. Ya ga tana ɗingishi da buhun shinkafa, ya karɓa ya kai mata har kicin, shi ma yana haki. Rannan tana zuba abinci, ta farga ta zaɓi tsokar kifi mafi kyau ta sa a faranti, ta rufe, har ta kai matakala ta uku za ta kai masa. Ta tsaya cak. Ita Yasawathi, da ko mijinta ba ta taɓa zaɓar wa tsoka ba! Tausayinsa take ji, tausayi na gaske, idan ta ga ƙeyarsa a kujerar nan shi kaɗai. Ta sauko da farantin, don ta tabbata abin ya fara kama ta.

Mako bai cika ba ya ƙarasa mata hujja. Ya same ta tana kankare kwakwa, ya cire hula.

"Madam Yasa, jibi zan je Colombo sabunta biza, kwana biyu. Idan na dawo akwai 'yar takarda. Lauya ya rubuta mini. Ƙarama ce, a kan kusurwar can kawai. Ki kira 'yarki ta karanta miki."

"To, Mahattaya," ta ce, har da murmushi.

Motarsa ba ta kai Galle ba ta aika aka kira Jinadasa. Tsohon kwandasta ne da ya gaji aikin tonon sammu daga kakansa, kuma a faɗi gaskiya ya sha tono abubuwa a gidajen mutane, wasu ma har ana cewa ba shi ya binne su ba. Ya zo da hantsi cikin farin zane, da ƙullin lemun tsami da wuƙa da turare. Sopinona ta zo ba a gayyace ta ba. Ya zagaya kusurwar sau uku yana karatu, ya ciro tsiron da saiwarsa ya ajiye a inuwa, ya shiga haƙa. Fartanya ta daki ƙarfe.

Tukunya ce ta ƙarfe mai murfi, ba ta fi butar shayi girma ba, a naɗe cikin wani lallausan mayafin ulu. Jinadasa ya sha fama kafin murfin ya buɗu. Ya leƙa, ya ja da baya, ya ce matan su matsa. A saman akwai takarda a ninke, cike da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a cikinsu. Ƙarƙashinta ga ƙullin gashi fari an ɗaure da jan zare. Ƙarƙashin gashin kuma toka, fara-fara, da ɓarɓashin ƙashi a ciki.

"Tokar mutum ce," in ji shi. "Shekara talatin ina aikin nan, cokali ɗaya ake sawa, cokali ɗaya ya isa ya tashi gida. Wannan mutum guda ya kawo miki cur. Ga rubutu, ga gashin mace mai furfura. Nangi, furfurar wa ce a gidan nan?"

Yasawathi ta dafe kanta. "Ai ni ƙona nawa nake yi."

"Kina ƙona wanda kika gani."

Ta so ta ce gashin ya fi nata laushi, amma Sopinona ta riga ta fasa ihu, maganar ta bi iska. Jinadasa ya yanka lemun tsami bakwai a kanta, daga goshi har yatsun ƙafa. Ya ce irin wannan ba a ƙona shi ba a mayar da shi ƙasa, ruwan gishiri kaɗai ke kashe shi. Suka bi ta bayan rumfar masunta zuwa inda kogi ke shiga teku, rana tsaka, ruwa na janyewa. Ya shiga har gwiwa ya juya baya, ya tuttular da tokar ta kan kafaɗarsa. Ta yi fari a kan ruwan na ɗan lokaci, sannan ta bi shi. Ya jefa gashin da takardar, ya cusa dutse da mayafin cikin tukunyar ya wurga ta can tsakiya. Suka dawo ba waiwaye, ya cike ramin, ya mayar da tsiron daidai yadda yake, har ya watsa busassun ganye a kai.

Kai, ranar Yasawathi ta ji daɗi! Ta dafa shinkafa da madarar kwakwa ta aika wa maƙwabta, abin da ba a taɓa gani ba. Gwiwa ta saki. Ta tsaya a tsakar gidanta ta dubi bishiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce a ranta, an yi wa ubana, an yi mini sau ɗaya, ba za a sake ba.

Tsohon ya dawo da tsarabar alewa, ya ajiye jaka, bai ko sha ruwa ba ya wuce kusurwa da butar ban-ruwa. Tana kallonsa ta taga tana dariyar mugunta. Ranar Lahadi Dilrukshi ta zo, suka zauna su uku a baranda. Yasawathi ta harɗe hannu, ta shirya kalaman da za ta kore shi da su, ta jera su tsaf. Ya miƙa takardar, shafi ɗaya tak. Dilrukshi ta karanta a zuci, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sai ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

"Karanta mana, Duwa. Shekara nawa yake so? Casa'in da tara?"

"Amme, ba haya ba ce. Ba saye ba ne. Roƙo ne." Ta sake duban takardar. "Yana roƙon kada a sare itacen can muddin gidan yana hannunmu. Kuma idan ya mutu, a ƙona shi, a sa tokarsa a gindin itacen, kusa da ta matarsa."

Tsohon yana murza hularsa a cinya, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce ya san ya yi laifi, ya kamata ya faɗa tun farko. An gaya masa mutanen nan ba sa son abin mamaci kusa da gida, ya ji tsoron a hana shi, shi ya sa ya yi a ɓoye, kuma abin yana damunsa tun ranar. Sunanta Hedi. Mai dafa abinci ce a makarantar yara, shekara arba'in da uku suna tare. Mace ce mai jin sanyi, ko da bazara da safa take kwana. Shekara da shekaru suna shirin idan sun ajiye aiki za su koma inda rana take, inda ɗan fanshonsu zai riƙe su. Saura wata biyar su taso ciwo ya kayar da ita. A asibiti ta ce masa kada ya kuskura ya bar ta a ƙasar nan mai ƙanƙara.

"Na duba gidaje da yawa," ya ce. "Duk masu sayarwa ne, yau gida, gobe otal. Sai aka ce mini akwai wata mata da ba za ta taɓa sayar da filinta ba ko za a kashe ta. Na ce to, nan ne."

Kada ka ɗauka nan take Yasawathi ta yarda. Shekara hamsin da bakwai tana gina wannan halin, ba zai rushe da hawayen malamar makaranta ba. Ta ce a nuna mata hoto. Ya ciro daga aljihun ƙirji. Wata mata ce mai kumatu, tana dariya ido a rufe, da farin gashi mai laushi, kafaɗarta lulluɓe da mayafin ulu. Yasawathi ta san mayafin. Ta riƙe hoton har Dilrukshi ta taɓa ta.

"Amme, lafiya? Ki ce wani abu mana."

"Zan yi tunani," ta ce, ta tashi ta shiga kicin, ta zauna a ƙasa.

Kwana uku ba ta gaya wa kowa a gidan ba. Dilrukshi ta koma Matara tana jin haushin taurin kan uwarta. Kowace yamma tsohon ya ɗauki kujera ya tafi kusurwa, ya zuba ruwa, ya zauna yana ba ramin labarin yininsa, wani lokaci har ya yi dariya ya girgiza kai kamar an ba shi amsa. Ita kuma tana taga tana kallo. Ba ta taɓa jin kunya irin wannan ba, kunyar da ba wanda ya sani sai kai. Ta je wurin Jinadasa, ya ce shi toka aka nuna masa, toka kuwa toka ce, kuma wa ya sani ko labarin matar ma cikin shirin yake. Ta je wurin Sopinona.

"Rufe bakinki, Nangi. Rami ba ya magana. Shi yana jin daɗinsa, ke kina da filinki, wa aka cuta? In kika faɗa ya kai ki wurin 'yan sanda, Bature ne fa. Sannan ne za ki ga yadda ake rasa gida."

"Idan ya mutu fa, Akka? In sa shi kusa da wa?"

"Oho. Lokacin ai ba zai tambaya ba."

Ta san gaskiyar Sopinona ta fuskar gida. Ta juya maganar ta kowane gefe, ta ga duk inda ta ɓullo shiru ya fi mata. Amma ita da ta yi rayuwarta tana tsinar masu sa mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba, ga shi kullum tana kallon tsoho yana shayar da ramin wofi saboda ita. A yamma ta huɗu ta ɗaura zanenta mai kyau, ta taka har kusurwa, ta tsaya a gabansa. Turancin ya ƙi haɗuwa, ta haɗa da hannu. Ta nuna ramin, ta nuna kanta, ta yi alamar haƙa.

"Mahattaya, ba ta nan. Ni na cire ta. Na ɗauka mugun abu ne ka sa don ka ƙwace mini fili. Na kira mutum, ya tono."

Ya dube ta, ya dubi tsiron. Ta ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ta zube gaba ɗaya. Ta jira ihu, ta jira zagi, ta ma fi son ya ɗaga kujerar ya maka mata.

"Tana ina?" ya ce.

Ta yi gaba yana bin ta, ta bayan rumfar masunta, masu gyaran koma suna ɗaga kai suna kallonsu. A bakin kogin ta nuna masa wurin da Jinadasa ya tsaya. Ba komai a wurin sai ruwa mai launin shayi yana cakuɗa da na teku, da wata tsohuwar leda tana yawo.

"Duka?"

"Duka."

"Da wasiƙar? Da gashin?"

Ta gyaɗa kai.

"Ruwan yana shigowa ne lokacin, ko yana fita?"

"Yana fita, Mahattaya."

Ya daɗe yana kallon can inda kogin ya ɓace. Sannan ya zauna a kan yashi, a hankali, irin zaman tsofaffi, hannu ɗaya a ƙasa.

"Tsoron ruwa take ji," ya ce. "Ba ta iya iyo ba. Ko tafki muka je, a mota take zama ta jira ni. Shi ya sa na zaɓi kusurwar da ba a hango teku."

Yasawathi ta durƙusa a gefensa da gwiwoyin nan nata, kuka ya ƙwace mata, kukan da ba ta yi wa ubanta ba, ba ta yi wa Siripala ba. Ta rasa abin da za ta ba shi, sai abu ɗaya da take da shi a duniya.

"Kusurwar taka ce. Har mangwaron, har rijiyar in kana so. Kira lauyanka gobe, ko me ya rubuta zan sa hannu, ba sai an karanta mini ba."

Ya juyo ya dube ta. Ba fushi a idonsa, da ma akwai da ta samu sauƙi.

"Me zan yi da ita yanzu, Madam Yasa?"

Bai kai ta wurin kowa ba, bai ma gaya wa Dilrukshi ba. A ƙarshen watan ya kwashe akwatunansa ya koma wani ɗaki mai zafi a bayan rumfar masunta, cikin ƙarnin kifi, saboda tagarsa tana kallon bakin kogi. Filin Yasawathi yana nan da sunanta, ko taku ɗaya bai ragu ba. Idan ka yi mata barka da haka, tashi za ta yi ta shige ɗaki ta bar ka a tsaye.